Danƙon Jini Bayan Tiyata: Abin da Ya Kamata Maras Lafiya da Mai Jinya Su Sani

A yau da wuya a sami unguwa a Jiratawa ko Tibiri ko cikin birnin Maradi da ba a taɓa yi wa wani nata tiyata ba. Wata an ciro mata jariri ta ciki, wani an yi masa aikin gwaiwa, wani kuma ya karye a kan babur an sa masa ƙarfe. Idan aka fito da mutum daga ɗakin tiyata ya farfaɗo, dangi sukan yi hamdala, su ɗauka an gama. To, akwai wani haɗari da ke biyo baya a ɓoye, kuma sau da yawa ba ya bayyana sai an koma gida. Haɗarin nan shi ne daskarewar jini a cikin jijiya.

Wannan bayani zai nuna muku yadda jini ke sauyawa bayan tiyata, da dalilin sauyawar, da alamomin da za ku lura da su, da abin da za ku yi da kanku don kare maras lafiyarku.

Mene ne ƙwayoyin liƙi?

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. A ido jini ruwa ne ja, amma idan aka duba shi da madubin likita sai a ga ƙwayoyi iri uku suna yawo a ciki. Jajayen ƙwayoyi su ke kai iska ko'ina a jiki. Fararen ƙwayoyi su ke yaƙi da cuta. Na ukun su ne mafi ƙanƙanta, kuma aikinsu toshe rauni. Likitocinmu suna kiransu filaket, kamar yadda ake rubuta sunan da Faransanci a takardar awon jini. A cikin wannan bayani za mu kira su ƙwayoyin liƙi.

A cikin ɓargo ake yin su. A ɗan ɗigon jini da bai kai girman ƙwayar gero ba, mai lafiya yana da ƙwayoyin liƙi daga 150,000 zuwa 450,000. Kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 7 zuwa 10, sannan ta mutu a maye gurbinta. Don haka ɓargo ba ya hutawa: yana fitar da kimanin miliyar 100 a kowace rana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin suna ajiye a cikin saifa, suna jiran lokacin buƙata.

Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Giulio Bizzozero shi ne ya nuna aikinsu a shekarar 1882. Ya kalli jini yana gudu a jijiyar dabba mai rai, ya ga cewa da zarar an ji wa jijiyar ciwo, waɗannan ƴan ƙwayoyi ne ke fara taruwa a wurin.

Yadda suke toshe rauni

Idan lauje ya yanke ku a gona, jini yakan zuba na ɗan lokaci ya tsaya. Ga abin da ke faruwa a ciki.

Da fari, ƙwayoyin liƙi suna liƙewa a bakin raunin. Cikin jijiya mai lafiya sumul yake, ba abin da ke kama shi. Amma idan ta tsage, sai naman da ke ƙarƙashi ya bayyana, ƙwayoyin su kama shi kamar yadda ƙaro ke kama yatsa.

Na biyu, waɗanda suka liƙe sukan sauya kama, su fitar da ƴan ƙafafu, su saki sinadarai masu kiran ƴan'uwansu.

Na uku, ƙwayoyin da aka kira sai su taru su liƙe wa juna, su zama toshiya. Daga nan wani sinadari da hanta ke yi ya rikiɗa ya zama zare, ya saƙa raga a kan toshiyar, ragar ta kama jajayen ƙwayoyi. Wannan shi ne gudan jini.

Wannan ƙarfin kamawa da liƙewa shi muke nufi da danƙo. Idan ya yi kaɗan, mutum zai yi ta zubar da jini. Idan kuma ya yi yawa, gudan jini zai iya haɗuwa a inda babu buƙatarsa. Lafiya tana tsakanin biyun.

Abin da ke faruwa bayan tiyata

Jiki ba ya bambanta wuƙar likita da wuƙar mahauci. Duk yanka rauni ne a gare shi, kuma yakan ɗaura ɗamarar hana zubar jini. Sauyin yana bin matakai kamar haka.

Daga ranar tiyata zuwa kwana na 3 ko na 4, yawan ƙwayoyin liƙi yakan ragu. An kashe da yawa wajen toshe yankan, wasu sun fita tare da jinin da ya zuba, ruwan da aka ƙara wa maras lafiya kuma ya tsinka sauran.

Daga nan sai ɓargo ya ƙara himma. Raunin yana aika saƙo ta cikin jini, hanta ta ƙara fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi sababbin ƙwayoyi. Wajen ƙarshen mako na farko adadin yakan koma yadda yake, sannan ya wuce.

A cikin mako na biyu ne adadin ke kai ƙololuwa, wani lokaci ya ninka abin da yake kafin tiyata. Sababbin ƙwayoyi kuwa sun fi tsofaffi girma da saurin kamawa. A daidai wannan lokaci sinadarin da ke zama zare yana ƙaruwa a cikin jini, haka ma wani sinadari mai kama da igiya wanda ke ɗaure ƙwayoyin a jikin jijiya. Ƙarfin da jiki ke da shi na narkar da gudan jini kuma yakan ragu a kwanakin farko.

Bayan kamar wata guda, adadin ƙwayoyin yakan sauko ya daidaita. Wanda aka cire wa saifa shi ne ya fi kowa ganin hauhawar, don rumbun da ke ajiye ƙwayoyin ya tafi. Nasa adadin yana iya haura miliyan ɗaya.

Wata likita a birnin Landan mai suna Helen Payling Wright ita ce ta auna wannan danƙo a shekarar 1942. Takan ɗebi jinin matan da suka haihu da na mutanen da aka yi wa tiyata, ta zuba a kwalbar gilashi mai juyawa a hankali, sannan ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage ba su liƙe a jikin gilashin ba. Ta gano cewa yawan ƙwayoyin da danƙonsu suna hauhawa bayan ƴan kwanaki, su kai matuƙa wajen kwana na 10.

Danƙo kaɗai ba shi ne dalili ba

Kada ku ɗauka ƙwayoyin liƙi su kaɗai ke jawo matsalar. Tun a shekarar 1856 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi bayanin yadda gudan jini ke ɓallewa daga jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Har yau likitoci suna koyar da dalilai uku na daskarewar jini da sunansa: rauni a jikin jijiya, jini mai saurin daskarewa, da jinin da ba ya gudu sosai. Wanda aka yi wa tiyata ya haɗa duka ukun. An yanke shi, jininsa ya ƙara danƙo, kuma yana kwance.

Manoman fadamar Jiratawa sun san wannan a aikinsu. Muddin ruwa yana gudu a cikin magudana, laka ba ta samun wurin zama. Idan gudun ya ragu, sai laka ta kwanta, a hankali ta toshe hanya. Haka jini yake a ƙafa. Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafafu, amma wajen komowa sama yana buƙatar taimakon naman sha-raɓa. Duk takun da kuka yi, naman yana matse jijiyoyi ya tura jinin sama. Mai kwanciya ya rasa wannan taimako, jini ya taru a sha-raɓarsa.

Gudan da ke haɗuwa a jijiyar ƙafa yawancinsa zare ne da jajayen ƙwayoyi. Ƙwayoyin liƙi sun fi taka rawa a gudan da ke toshe jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa, wanda ke kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Dukansu biyu suna iya biyo bayan babbar tiyata.

Har yaushe haɗarin ke daɗewa?

Ya fi kwanakin asibiti tsawo. Wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2009, wanda ya bi mata kusan miliyan ɗaya, ya nuna cewa haɗarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko bayan tiyata, ya kai ƙololuwa wajen mako na 3, kuma bai gushe ba har mako na 12. A mako na 3 kuwa yawancin marasa lafiya suna gida, nesa da idon likita. Saboda haka ne wannan sani ya zama wajibi ga mai jinya.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Duk wanda aka yi wa tiyata yana iya gamuwa da wannan matsala, amma ta fi kusa da waɗannan:

1. Wanda aka yi wa babban aiki a ciki, ko a ƙugu, ko a gwiwa, ko wanda ya karye a cinya.
2. Wanda ya daɗe kwance bai tashi ba, ko aka ɗaure ƙafarsa da filasta.
3. Mai ciki da mai jego, musamman wadda aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata.
4. Tsofaffi da masu ƙiba sosai.
5. Mai ciwon daji, da mai ciwon zuciya, da mai cutar sikila.
6. Wanda ya taɓa samun gudan jini, ko wani a gidansu ya taɓa samu.
7. Mai shan taba, da macen da ke shan wasu nau'o'in ƙwayoyin tazarar haihuwa.
8. Wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda zazzaɓi, ko amai, ko zawo, ko zafin rana.

Abin lura ga masu jego

Tun a shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocin gwamnati. Tiyatar nan tana ceton uwa da ɗa idan naƙuda ta gagara, kuma babu dalilin gudunta. Sai dai ciki da kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa, domin jiki yana shirin tsayar da jinin haihuwa. Idan aka haɗa da tiyata, haɗarin gudan jini yakan ninka na haihuwa da kai kimanin sau huɗu. Lokacin da ya fi tsanani shi ne makonni 6 na farko, wato kusan daidai da kwana arba'in na jego.

Al'adarmu ta hutar da mai jego abu ne mai kyau. Amma hutu daga daka da ɗebo ruwa daban, kwanciya wuni guda a ɗaki daban. Ya kamata mai jego ta riƙa zagayawa a tsakar gida sau da yawa a rana. Idan tana wankan ruwan zafi tana yawan gumi, ta ƙara shan ruwa, kuma ta tambayi ungozoman asibiti lokacin da ya dace ruwa ya taɓa ɗinkin.

Haka abin yake ga matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari, irin wanda ake yi a cibiyar da aka buɗe a Danja, kudu da Maradi, a shekarar 2012. Bayan irin wannan aiki akan bar wa mace robar fitsari na kwanaki, amma robar ba ta hana ta tashi ta yi tafiya, kuma likitoci sukan umarce ta da shan ruwa mai yawa.

Alamomin da za ku lura da su

Alamomin gudan jini a ƙafa su ne:

1. Kumburin ƙafa ɗaya, ɗayar kuwa tana yadda take.
2. Ciwo ko nauyi a sha-raɓa ko a cinya, wanda ke ƙaruwa idan an taka.
3. Wurin ya fi sauran jiki zafi idan an taɓa.
4. Fatar ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi, jijiyoyi sun fito fili.

Idan kuna shakka, ku ɗauki zare ku zagaya sha-raɓar dama, sannan ku zagaya ta hagu a daidai wuri ɗaya. Idan ɗaya ta fi ɗaya kauri a fili, ku tafi asibiti a ranar. Idan awon bai nuna bambanci ba amma ciwon yana nan, duk da haka ku tafi.

Alamomin cewa gudan ya kai huhu su ne:

1. Haki ko ƙarancin numfashi farat ɗaya.
2. Ciwon ƙirji mai soka idan an ja numfashi.
3. Tari, wani lokaci da jini.
4. Bugawar zuciya da sauri, jiri, ko suma.

Waɗannan na biyun ba sa jiran wayewar gari. Gudan da ya toshe babbar jijiyar huhu yana iya kashe mutum cikin ƙanƙanen lokaci, kuma yana iya zuwa ba tare da ƙafa ta taɓa kumbura ba. Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take.

Misali, a ce an sallami ƙanwarku kwana 5 bayan tiyatar haihuwa. A kwana na 12 ta ce ƙafarta ta hagu tana yi mata nauyi, kuka duba kuka ga ta kumbura. Wata za ta ce sanyi ne, wata ta ce a kira mai tausa. Ku da kuka karanta wannan bayani kun san kwana na 12 yana tsakiyar lokacin haɗari. Abin yi shi ne a kai ta asibiti, a gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da aka yi tiyatar.

Abin da ba za ku yi ba

Kada a yi wa ƙafar da ta kumbura tausa ko murza. Ana gudun kada matsawar ta ɓalle gudan ya tafi huhu. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gudan yana can cikin jijiya mai zurfi, ƙaho ba ya kai gare shi, kuma tsagar tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kada a ɗaure ƙafar da tsumma ko igiya. Kada a sayi magani a hannun masu talla a kasuwa.

Yadda za ku kare kanku

Kafin tiyata, ku gaya wa likita duk maganin da kuke sha, na asibiti da na gargajiya. Ku faɗa masa idan kun taɓa samun gudan jini, ko kuna yawan haɓo, ko jininku yana daɗewa bai tsaya ba idan kun yanke.

Bayan tiyata, ku tashi da zarar likita ya ba da izini, ko da ranar farko ce. Ku fara da zama a bakin gado, sannan tsayuwa, sannan ƴan taku tare da mai riƙe ku. Tafiya a hankali ba ta kwance ɗinki.

Idan ba a ba ku izinin tashi ba, ku motsa ƙafa a kan gado. Ku ɗaga yatsun ƙafa sama, ku mayar ƙasa, kamar mai taka keken ɗinki, sau 10 ko fiye a kowace awa idan kuna farke.

Ku sha ruwa isasshe, sai fa idan likita ya ƙayyade muku. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Maradi yakan wuce digiri 40, jiki yana asarar ruwa ko mutum yana kwance. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Idan tiyatar ta faɗo a watan azumi, ku tambayi likita da malami, domin addini ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya.

Idan za ku yi doguwar tafiya a mota bayan sallama, ku nemi wurin da za ku miƙe ƙafa, kuma ku sauka ku taka duk inda aka tsaya.

Magungunan da likita ke bayarwa

Ga wanda haɗarinsa ya yi yawa, likita yakan rubuta allurar heparin ko danginta, wadda ake yi a ƙarƙashin fata. An gano heparin a Amurka a shekarar 1916. A shekarar 1975 wani babban gwaji da aka yi a asibitocin ƙasashe da dama, a kan marasa lafiya fiye da 4,000, ya nuna cewa ƴar allurar nan tana rage mutuwa daga gudan huhu bayan tiyata. Mai karɓar ta akan auna jininsa, domin a wasu mutane ƙalilan tana sa ƙwayoyin liƙi su ragu. Akwai kuma safa ta musamman mai matse ƙafa, wadda ma'aikacin lafiya ke auna wa mutum daidai girmansa.

Asfirin shi ne maganin da ke rage danƙon ƙwayoyin liƙi kai tsaye. Duk ƙwayar da ya taɓa ba ta komawa daidai har ta mutu, don haka tasirinsa yakan ɗauki kimanin mako guda kafin sababbi su maye gurbi. Wannan ne ya sa yake da amfani, kuma shi ne ya sa yake da haɗari: yana iya sa ɗinki ya yi ta zubar da jini, ko ya ci tumbi. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kada ku fara shan asfirin da kanku bayan tiyata, kuma idan likita ne ya ɗora ku a kansa tun da, kada ku daina sai da izininsa.

Idan aka tabbatar da gudan jini, galibi ta hanyar duba ƙafar da na'urar eko, akan ba da maganin hana daskarewa na aƙalla wata 3. Ku sha shi har ƙarshe ko da kumburin ya saɓe. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna raguwa da ƙarfi idan mutum ya ƙara cin ganye kore farat ɗaya, don haka mai cin zogale ko kabeji ko alayyafo kullum ya shaida wa likita, ya kuma riƙe ma'auni guda. Idan kuka ga jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ku koma asibiti.

Ina za ku je?

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, wato CSI, domin a duba a tura ku gaba. Idan numfashi ne ya sarƙe, ku nufi babban asibiti a Maradi kai tsaye. Masu jego kuma akwai cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro a cikin birnin. Ku tafi da takardar sallama da duk magungunan da ake sha.

Ga inda karatunku zai yi aiki. Ranar da aka yi wa naku tiyata, ku rubuta kwanan watan a littafi. Ku ƙirga makonni 6 ku yi alama, ku ƙirga makonni 12 ku yi wata alamar. A tsakanin nan ku riƙa duba ƙafafunsa biyu kowace safiya, kuna tambayarsa yadda numfashinsa yake.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne aikin ƙwayoyin liƙi, kuma a ina ake yin su?
2. A wane mako ne yawansu ke kai ƙololuwa bayan tiyata?
3. Me ya sa mai kwanciya ya fi mai tafiya shiga haɗari?
4. Ku kawo alamomi uku da za su sa ku kai maras lafiya asibiti ko da tsakar dare ne.
5. Yaya za ku yi wa surukarku bayani idan ta ce a kira mai tausa?